Yadda ake haɗa tutocin kwalliya a gida, na takarda da na ƙyalle

A Tahoua sau biyu a shekara yara ke tasa mutum gaba da maganar tuta: ranar 3 ga Agusta, wadda Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, da ranar 18 ga Disamba, wadda aka kafa Jamhuriya a 1958. Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka aiki ɗaya ne ake maimaitawa. Ina! Ta Agusta a tsakiyar damina take faɗowa. Hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, kafin ki kwashe shanya ya jiƙa duk abin da kika rataya. Ta Disamba kuwa hunturu ne, iska da ƙura, su fige takarda daga igiya kamar ana figar kaza. Saboda haka, uwargida, kafin ki taɓa almakashi ki san wace rana kike yi wa kwalliyar, kuma cikin gida za ta tsaya ko ƙofar gida. Takarda ta Disamba ce da cikin ɗaki. Ƙyalle na Agusta ne da waje.

Ni a 2017 na fara, shekarar da bikin 18 ga Disamba mai zagaya jihohi ya sauka garinmu aka yi Tahoua Sakola. Gari ya sha fenti, ko'ina tuta, yaran gidanmu suka ce su ma sai an rataya musu a ƙofar zaure. Na ƙi saye, na ce ai abin da hannu zai iya ne. Hannu ya iya, amma sai da na ɓata takardar da ta kusa cika kwando. Awon da zan ba ki shi ne abin da ya tsira daga wannan ɓarnar. A kan takardar fotokofi na tsara shi, wadda ake ce wa A4, mai santimita 21 da 29 da ɗigo 7, yadda kusan ba abin da za ki zubar.

Ki san tutar tukuna

Ranar 23 ga Nuwamba 1959 aka amince da ita, ke nan ta girmi ƴancin kan da wata takwas da ƴan kwanaki, kuma duk juyin mulkin da aka sha ba wanda ya taɓa ta. Layi uku ne a kwance, faɗinsu ɗaya, babu babba babu ƙarami. Na sama ruwan goro, wasu su ce ruwan lemu. Na tsakiya fari. Na ƙasa tsanwa. A tsakiyar farin akwai cikakkiyar da'ira, launinta ɗaya da na layin sama. Shi ke nan, ba rubutu, ba tauraro, ba ado a baki. Abin da mushe, wato malaminmu, ya koya mana a lakwal shi ne ruwan goro na hamadar arewa ne, tsanwa ta gonakin kudu da fatan alheri, fari na tsarkin zuciya, da'irar kuma rana ce. Wannan kaɗai ya isa yaro ya riƙe tsarin: arewa sama, kudu ƙasa, kamar a taswira.

Na tsaya a kan wannan ne don launukan nan uku ba mu kaɗai ke da su ba. In kika miƙar da layukan tsaye kika cire da'ira, kin yi ta Kodibuwa. In a tsayen kika mai da tsanwa jikin sanda, kin tafi Ailan. In kuma kika bar su a kwance amma kika zagaye da'irar da shuɗin bik, ko yaro ya ga dama ya ja mata tsinkaye a ciki, to kin kama hanyar Indiya, don tasu shuɗin gargare ne mai tsinke 24 a tsakiya.

Tutarmu gajera ce, saura kaɗan ɓangarorinta huɗu su zo ɗaya: daga sama zuwa ƙasa kashi 6, daga sanda zuwa baki kashi 7. A kasuwa za ki ga masu ɗan tsawo, kashi 2 da 3, ba laifi. Ni dai 6 da 7 nake bi, don ta fi kama da kanta, kuma lissafinta yana faɗawa daidai a kan A4.

Kayan aiki

Don igiya mai tutoci takwas: farar takarda huɗu, mai ruwan goro ɗaya, tsanwa ɗaya. Masu shagon kayan lakwal suna sayar da masu launi ɗai-ɗai, ba sai kin ɗauki ƙunshi ba. In ba ki samu ba, ki tambayi shamis, kwalin nan mai laushi da ake sa dosiye a ciki. Yana zuwa da launi iri-iri, ya ma fi takarda jure iska, sai dai ya fi tauri wajen naɗewa. Abin da zan hana ki shi ne takardar ado mai tamoji da ake yin furanni da ita. Kyau gare ta a ido, amma gam na taɓa ta sai ta yi zuba, farin layinki ya koma kamar an tofa masa goro.

Ki kai takardar ruwan goron bakin ƙofar shago ki dube ta a hasken rana kafin ki biya. A cikin inuwa, mai ja-ja da mai ɗorawa-ɗorawa duk ruwan goro suke zama. In fenti na ruwa za ki shafa a farar takarda, to daga ruwan ɗorawa ake farawa, ana ɗiga ja kaɗan-kaɗan ana motsawa. Wanda ya fara da ja zai ƙarar da ɗorawarsa bai kai ba. Ki haɗa wanda zai ishe ki gaba ɗaya, don haɗi na biyu ba ya taɓa zama ɗaya da na farko.

Sai almakashi mai kaifi, abin awo na ƴan lakwal, fensir mai tsini, kwali na tsohon kwalin sukari ko na shayi, kuɗin ƙarfe na dala goma, wato sefa 50, guda ɗaya, da zare. Zaren da na fi yarda da shi shi ne wanda ake ɗinke buhun albasa da shi. Abin da ya riƙe buhu daga Galmi har Abijan ba takarda ce za ta tsinka shi ba. Ranar Lahadi, ranar cin kasuwar Tahoua, duk za ki haɗa su a zagaye ɗaya.

Maganar gam tana da ɗan tsawo. Farin gam na kwalba shi ya fi sauƙi. In babu, ƙaro na nan, wanda malaman allo suka daɗe suna sawa a tawada. Ki daka shi sama-sama, awo ɗaya na ƙaro biyu na ruwa mai ɗumi, ki rufe ya kwana, da safe ki tace da ƙyalle. Yana kama takarda tsaf kuma ba ya barin tabo, amma laima na sassauta shi, don haka na hunturu ne. Ko kuma ki dama fulawa cokali ɗaya da ruwan sanyi cokali biyar, ki ɗora a wuta kaɗan kina motsawa har ya yi kaurin kunu, ki sauke ya huce. Wannan yana da ƙarfi, amma kwana biyu ya yi tsami, kuma abinci ne: kyankyaso na so, gara na so, akuya kuwa ba a magana. Kowanne kika zaɓa, shafa ake yi siriri, da gashin kaza ko guntun kwali. Yawan gam ba ya ƙara kamu, sai dai ya sa takarda ta yamutse.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki ba kanki kwana uku: ɗaya na yanka, ɗaya na liƙi da bushewa, ɗaya na jerawa a zare.

Igiyar ƙananan tutoci

Kowace tuta za ta zama santimita 9 daga sama zuwa ƙasa, 10 da rabi a kwance, kowane layi santimita 3. Dabarar ita ce ba ɗai-ɗai ake yin su ba, kuma ba a yin gaba daban baya daban. Doguwar takarda ake yi a naɗe ta a kan zare, gaba da baya su fito lokaci guda.

Da farko ki yanka ma'auni biyu a kwali, ɗaya santimita 3 da 21, ɗaya 6 da 21. Wannan ne kaɗai wurin da za ki yi awo da natsuwa. Daga nan yara ma za su iya ɗora kwalin su bi gefensa da fensir.

Ki ɗauki takardar ruwan goro a tsaye, ki fitar da ɓalli huɗu masu santimita 6. Za a bar miki wani guntu mai kusan santimita 6, kada ki yar, da'irorinki ne. Ki ɗora dala goma a kansa ki zagaye da fensir, jeri biyu, tara-tara. Sha takwas ke nan, sha shida kike bukata, biyu na wanda hannu zai ɓata. Faɗin dala goma santimita 2 ne da ɗan ɗoriya, shi ya sa take zama daram a cikin farin layi, da ɗan fili sama da ƙasa. Dala ashirin ta yi girma, tana kusan taɓa layukan. Wajen yanka da'ira, takardar ake juyawa, almakashi yana wuri ɗaya. Kuma gefen da fensir ya taɓa shi za ki kifa a kan gam. In akwai mai rarrafe a gidan, ki mai da kuɗin cikin jaka da zarar kin gama, kin san inda yake kai duk abin da ya tsinta.

Takardar tsanwa kuma ki fitar da ɓalli takwas masu santimita 3. Za ta ba ki tara ma.

Yanzu farar takarda. Ki rage tsawonta ya dawo santimita 18, faɗin yana nan 21. Ki naɗe ta biyu yadda kowane ɓari zai zama 9, ki murza naɗin da farce ya fito sosai, ki buɗe. Ɓallin ruwan goro mai santimita 6 shi zai hau kan wannan naɗin, rabi nan rabi can. Don kada ya karkace, shi ma ki naɗe shi biyu a tsawonsa tukuna, sai ki haɗa naɗi da naɗi. Sannan ki liƙa tsanwa ɗaya a can bakin sama, ɗaya a bakin ƙasa. In kika duba yanzu za ki ga tsanwa, fari, ruwan goro mai faɗi, fari, tsanwa. Farin ba liƙa shi aka yi ba, takardar ce da kanta ta leƙo. Ki raba takardar gida biyu daga sama zuwa ƙasa, a kan santimita 10 da rabi. Tuta biyu ke nan.

Wurin sa da'ira ne ido ke yaudarar mutum. Kowa gani yake ya san tsakiya, sai an rataya a ga rana ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma. Ki yanka wani kwali daidai girman farin layin, 3 da 10 da rabi, ki ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, inda suka gamu ki huda da allura. Ki riƙa ɗora shi a kan kowane farin layi kina ɗiga fensir ta hudar. A kan ɗigon da'ira za ta zauna.

Ki jera su a buɗe tsakanin tsoffin takardu, ki danne da littafi mai nauyi ko ki tura su ƙarƙashin katifa su kwana. Kada ki shanya a rana don sauri, nannaɗewa za su yi kamar ganyen da ya ji wuta.

Washegari sai zare. Nan ne na sha wuya a shekarar farko: na jera su gwanin sha'awa, iska ta taso da hantsi ta tattara su duka a kusurwa ɗaya kamar tumakin da suka ga kura. Maganin abin ƙulli ne. Ki bar rabin mita a farkon zaren don ɗauri, sannan ki yi ƙulli mai kauri, ki auna santimita 18 da rabi ki sake wani, haka har adadin tutocinki. Kowace tuta ki kwantar da zaren a cikin naɗinta yadda ƙullin zai faɗa tsakiya, ki shafa gam a cikin, har kan zaren, ki rufe ki danne. Ƙullin ya zama tarko, ba ta gaba ba ta baya, kuma tsakanin kowace da ƴar uwarta zai zama santimita 8. In ƙofar gida za a kai, ki ƙara ɗinki ɗaya da allura a ƙarƙashin zaren, ta kowane gefe. Tuta sha shida na rufe kusan mita uku, wato zare mita huɗu da ɗan ƙari saboda abin da ƙulli ke ci.

Guntayen farar takarda da suka rage kuwa, ki yanka su masu kusurwa uku ki sa tsakanin tutoci in kina so, ko ki ba ƙananan yara su yi ta fama. Waɗannan ba tuta ba ne, ba su da doka.

Ta riƙewa a hannu, ko ta kan tebur

Wannan A4 guda ce a kwance. Tsayinta 21 ya rabu uku, bakwai-bakwai. Daga bakin dama ki auna santimita 24 da rabi ki ja layi tsaye. Abin da ya rage a hagu, santimita 5 da ɗan kai, shi zai naɗe sanda. Takarda mai launi a nan a tsawonta ake yanka ta, ɓalli uku masu santimita 7. Na ruwan goro biyu na gaba da baya, na ukun na da'ira. Da'irar ta zama kamar santimita 5. Ki gwada bakin ƙaramin kofin shayi da abin awo, galibi ba ya nisa da haka.

Ki kula, tsakiyar tuta daban, tsakiyar takarda daban. Rabon sanda ba ya cikin lissafi. Daga bakin dama za ki auna santimita 12 da kwata, nan ne cibiyar. Da kin liƙa ta gaba, ki ɗaga takardar ki saitar da ita da rana, inuwar da'irar za ta nuna miki inda ta baya za ta zauna.

Sai juyawa, kuma nan ma ina da labari. Na gama gaba, na kifa takardar ta kai, na sake jera ruwan goro a sama kamar yadda na saba. Da aka ɗaura a sanda, gaba lafiya lau, baya tsanwa a sama. Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon soja, yana zaune a dakalinsa ƙanena ya wuce yana kaɗa ta. Ya kira shi ya karɓa, ya juya ta nan, ya juya ta can, ya aiko a kira ni. Na zo na durƙusa na ce, "Baba, ina wuni?" Ya ce, "Lahiya lau, ɗiyata. Wagga tuta, ta wace ƙasa ta? Gaba dai na gane mu na. Baya fa?" Ban sake ba. Kamar shafin littafi ake juya ta, daga dama zuwa hagu, sama na nan a sama. Kafin ki juya ki sa ɗan ɗigo a kusurwar sama ta baya, ya zama shaida.

Ki liƙa gaba da baya a zama ɗaya sannan ki danne. In gefe ɗaya ya bushe kafin ɗayan, takardar za ta lanƙwashe ta ƙi miƙewa.

Sanda kuwa, sillen kara ya fi komai: ba nauyi, ba kuɗi, a Disamba ga shi nan ko'ina bayan girbi. Ki zaɓi miƙaƙƙe mai kamar rabin mita, ki kankare ɓawon ganyen. Tsinken tsire ma yana yi wa ƙanana, amma ki datse tsinin kafin ya shiga hannun yaro. Ki shafa gam a rabon sandar, ki ɗora sillen a bakin takarda, ki mirgina shi a kan tabarma a hankali har ya iso layin da kika ja. Ki ɗaure sama da ƙasa da zare har ya bushe.

In ta tebur ce, ƙaramin gwangwanin tumatir ya isa gindi. Ki bubbuge bakinsa da dutse ko guduma har kaifin ya kwanta, ki cika da rairayi da ƴar tsakuwa, ki soka sandar. Mai son abin da zai daɗe sai ya kwaɓa siminti awo ɗaya da rairayi awo uku, ya naɗe gindin sandar da leda kafin ya soka, don in ya daskare a iya zare ta a canza wata. Jikin gwangwanin ki lulluɓe shi da ragowar takarda, nan ma ruwan goro sama, tsanwa ƙasa.

Ta ƙyalle, don damina

Ta Agusta ba ta son wasa da takarda. Ki nemi yadi marar zane, marar nauyi, wanda iska za ta iya ɗagawa kuma ya bushe da wuri: rubu'in mita fari, rubu'in mita tsanwa, rabin mita ruwan goro. Kafin komai ki jiƙa masu launin, kowanne a robarsa, ki ɗauraye har ruwan ya fita fes. In kin tsallake wannan, ruwan sama na farko zai yi miki wankin a kan farin layi.

Tutar za ta zama santimita 60 da 70, kowane layi 20. Ki yanka farin da faɗin 22, na sama da na ƙasa 23, don su akwai kalmasa a bakinsu. Tsawon kowanne 80: biyu na kalmasar baki, takwas na aljihun sanda, saba'in na tuta. Ki haɗa layukan da ɗinkin santimita ɗaya, ki kwantar da bakin ɗinkin ya koma ɓangaren mai launi, don in ya kwanta ta wajen fari zai riƙa nunawa a rana. Ki sake bi ta kai da ɗinki na biyu. Bakin da ke nesa da sanda shi iska ke fara ci, ki ninka shi sau biyu ki bi shi sau biyu.

Da'irar ƙyalle ita ke ba mutane wuya, tana fitowa da kusurwoyi kamar ƙosai. Ga yadda wani tela ya nuna mini. Ki yanka kwali mai faɗin santimita 14, ƙyallen kuma 16. Ki bi bakin ƙyallen da ɗinkin hannu manya-manya, ki sa kwalin a tsakiya, ki ja zaren. Bakin zai tattaru ya rungume kwalin. Ki danne da dutsen guga, ki zare kwalin, ga da'ira sumul. Ki gwada zafin dutsen a guntun ƙyalle tukuna, musamman na gawayi, don yadin roba narkewa yake. Biyu za ki yi, gaba da baya. Ki kafe su da allurai saitin juna, ki ɗinke su a bi ɗaya. In ba ki da keke, ki yi yankan da kanki ki kai wa tela haɗi, amma ki tsaya a kansa wajen da'ira, kuma kada ki kai masa ana gobe biki.

Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama kuma ranar dashen itatuwa. Mu a gidanmu guntayen da suka rage mukan yi ƴar ƙaramar tuta da su, a ɗaura a shingen da aka kewaye dashen. Yaro ya fi tunawa da ban ruwa in tutarsa na wurin.

Ratayawa da saukewa

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka bangon da ke duban kudu ko yamma ya fi kwanciyar hankali. Kada ki ja zaren ya yi tsam kamar tsirkiya, ki bar masa ɗan ciki, kuma duk mita ɗaya da rabi ki kafa ƙusa ki maƙale. Ki ɗaga sama yadda mai kabu-kabu da mai amalanke za su wuce, akuya kuma ko ta miƙe da ƙafa biyu ba za ta kai ba. Wayar lantarki ba wurin ɗauri ba ce, ko da ta fi kusa, balle da damina. In jikin bango za ki manna ta ƙyalle, a kwance za ta zauna, ɓangaren sanda a hagun mai kallo. Da kin gama ki tsallaka hanya ki dubo daga nesa, sannan ki zagaya ki duba ta baya.

Na takarda da safiyar ranar nake rataya su, ko da yammacin jajibiri in iska ta lafa. Kwana uku a waje farin zai fara komawa ruwan ƙasa, kada ki jira ya kai nan. Ki sauke, ki kakkaɓe da busasshen ƙyalle, ki ninka igiyar tuta bisa tuta, ki sa a kwali da ƴan busassun ganyen bedi saboda ƙwari, ki ɗora a saman kabad inda gara ba ta kaiwa. Waɗanda suka yage ba na jefa su a bola yara su tattaka. Nakan ɓamɓare launukan su rabu, su koma guntayen takarda kamar yadda suka fara, sannan su tafi. Ma'aunan kwali guda uku da da'irar tela kuma suna cikin ambulan ɗaya da aka rubuta wa "tuta", a ƙasan akwatin keken ɗinki, tare da dala goman da har yau ba wanda ya kashe ta.